Rabin Awar Inna

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Gwandu aka kai ni Kalgo wurin kakata ta wajen uba. Can na girma, can na yi karatu, can nake koyarwa a makarantar sakandare har yau. Saboda haka a bakin Inna sunana mutumin Kalgo. In na je gaishe ta, sai in tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta daga waje ina magana da labule, ita kuma ta fuskanci ƙanwata da ke zaune da ita ta ce, "A tambayi mutumin Kalgo yaya yab baro mutanen gida." Ƙanwata ta juyo ta maimaita mini, alhali tsakanina da Inna bai fi taku uku ba. Shekara hamsin da ɗaya muka yi a haka. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, don na san wanda ake ɓoye wa man shanu a ƙarƙashin gado har ya zo. Amma in na ce bai taɓa ci mini rai ba, na yi ƙarya.

Maganar auren 'yata ce ta jawo abin da zan ba da labari. Ta gama karatun aikin jinya, ta kawo wanda take so, wani malamin gona ɗan Dodoru, natsattse, wanda ban samu abin kushewa a jikinsa ba, ni da ba na rasa abin kushewa. Iyayensa sun taɓa zama a Gwandu, katanga ɗaya da gidanmu, kafin su koma garinsu. Wannan ma ya ƙara mana daɗi, muka ce ashe na gida ne.

Ranar da manyansa suka zo gaisuwa, muna zaure an raba goro, wata tsohuwar gwaggonsa da ta biyo su ta shige cikin gida wurin matata. Tana jin ko jikar wace ce yarinyar, sai ta tafa hannu ta ce, "Ashe jikar waccan baiwar Allah ta. Ai ita tat taimake mu shekarad da uwar yaron ga tay yi ciwon nono. Can anka riƙa kai shi wuni." Yabo take yi, ba ta ma san abin da ta faɗa ba. Baƙi na tafiya matata ta same ni ta maimaita mini, kuma kafin ta kai ƙarshe na zauna a kan turmi.

Lissafin ba wuya. A shekarar da aka haifi saurayin nan Inna na goyon autanmu. In har ta sa masa nono a baki ya sha, ko sau ɗaya ne, to ya zama ƙanena, ya zama baffan 'yata, aure ya haramta har abada. Uwarsa ta rasu. Ubansa ya ce shi a lokacin yana fatauci, bai san abin da mata suka yi ba. Gwaggon da ta tayar da zancen ta ce ita dai ta san ana kai shi, ba ta san abin da ake ba shi ba. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya sani, kuma ita ce wadda ba ta magana da ni.

Na sa ƙanwata ta tambaye ta. Inna ta ce wannan ba maganar ƙanwata ba ce, ta uban yarinya ce. To uban yarinya kuma ni ne, kuma zancen nono da shayarwa ba zancen da uwa za ta yi da ɗanta na fari ba ne, ko da labule goma a tsakani. Muka yi mako biyu a tsaye cak. 'Yata ta daina cin abinci sai an matsa mata, ni kuma na koma yi wa kowa faɗa, har ɗaliban da ba su yi mini komai ba.

Sai ga ƙanwata ta kira ni wata ranar Alhamis. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce ba kana da abin ga da ka ɗaukam magana ba? Ka kawo ka aje mata ɗaka, ta yi magana ciki. Kai kuma in ka koma Kalgo ka saurara."

Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina, kuma dole in faɗi gaskiya, ba don 'yata kaɗai ba. A makarantarmu ni ake kawo wa waya in ta rikice, kuma ina son hakan fiye da yadda ya kamata. Tun da idona ya fara rauni na koma aiki da baki maimakon yatsa. Manhajoji uku ne a wayata masu sauraren magana. Akwai wadda nake ce wa ta kira mini wane, ta kira. Akwai wadda ke naɗar murya ta mayar da ita rubutun Hausa, da ita nake shirya darasi, kuma da ita nake yi wa sauran malamai burga a ɗakin hutawa. Ta ukun ta tilawa ce, tana sauraren karatuna na Alƙur'ani, in na tsallake aya ko na yi tuntuɓe ta nuna mini. Na saita ta kullum ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, ta buɗe da kanta ta saurare ni rabin awa, don na san halina, in aka bar ni sai in ce gobe. Yanzu ga shi har Inna, wadda ba ta taɓa riƙe waya da hannunta ba, ta san da zaman fasahata.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na canza wata zuwa Gwandu. Damina ce, gero ya kai ƙirji, hanya duk taɓo. Na isa na yi gaisuwar labule kamar kullum, na ci abinci, na tafi masallaci la'asar. Da na dawo na zauna a zaure na shirya wayar kamar mai shirin jarrabawa. Na san kira na katse naɗi, don ya taɓa yi mini haka a taron malamai, saboda haka na danna alamar jirgin nan na rufe layi gaba ɗaya. Na duba caji, ya cika. Na duba wurin ajiya, da saura da yawa. Na gwada da muryata, na saurara, tsaf. Har na yi wa ƙanwata lacca kan kada ta taɓa komai, ta jingina wayar da kwanon fura kusa da Inna kawai ta bar ta. Ta harare ni ta ce ita ma ai ta je makaranta.

Huɗu da minti ashirin da biyar na danna naɗi na miƙa mata. Ta shiga, ba ta jima ba ta fito, ta ce Inna ta kore ta ita ma. Ni kuwa na koma can ƙofar gida ƙarƙashin dogonyaro, inda ko tari ta yi ba zan ji ba, don kada ta ji nauyi. Babu wanda ya zauna kusa da wayar ya dubi fuskarta. Ba wanda zai iya, don dalilin kawo ta ke nan.

Na ɗauka abin na minti biyu ne, i ko a'a. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Inna dai ta samu abokin hira." Ban yi dariya ba. A raina na ce wanda zai ce a'a ba ya buƙatar dogon bayani, wannan tsawon ba na alheri ba ne. Sai bayan ƙarfe biyar Inna ta kira ƙanwata. Ta fito da wayar a tafin hannu kamar ta ɗauko ƙwai, ta rage murya ta ce, "Yaya, kuka tay yi. Idonta ya yi ja." Na karɓa na duba. Agogon naɗin yana ta tafiya, minti talatin da takwas. Na tsayar, na ajiye, na ce alhamdu lillahi.

Da na je sallama wani abu ya faru da bai taɓa faruwa ba. Ina tsugune ina gaya wa labule zan koma, sai labulen ya ɗaga. Inna ta dube ni, fuska da fuska, na ɗan lokaci, sannan ta sake shi. Na tashi ina haɗa hanya, har na manta takalmina a bakin ɗakin sai da aka biyo ni da su.

Ban saurara a mota ba. Muryar uwata ba abin da zan kunna a gaban fasinja ba ne. Na isa gida bayan magariba a gajiye, 'yata ta karɓi jakata tana kallon aljihuna, na ce mata da safe in Allah ya kai mu.

Da safe na karya, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na buɗe layi don manhajar ta yi rubutunta. Ta ɗan yi jim, ta fitar. Ina jiran shafuka, sai na ga abin da bai cika tafin hannu ba. Layuka kaɗan a sama, layuka kaɗan a ƙasa, kuma a ƙarshen na ƙasan ga sunana a rubuce. Na daɗe ina kallon sunan nan ban gane me ya kawo shi wurin ba. Na ce rubutun ne ya gaza, Hausarmu ta nan ba kullum take gane ta ba. Na kunna muryar.

Ga motsin tabarma. Ga ƙanwata tana cewa ki yi magana shina ji, ga Inna tana ce mata ta ba ta wuri. Sai bisimilla, sai salati, sai addu'a ga mahaifinmu da iyayenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Ana jin kaji a tsakar gida, ana jin wani na saran itace a maƙwabta. Ta yi gyaran murya ta ce, "Kana ji na, abin ga?" Ta jira kamar za a amsa mata. Sannan ta ce, "To. Kai. Yau da kai ni ka magana, ba da ƙanwakka ba. Ka yi haƙuri da tsohuwa, zancen da tsawo. Bari in ɗauko shi tun daga tushe."

Daga nan sai shiru.

Ba irin shirun ɗaki ba ne, wanda mutum zai yi yana tunani. Kajin sun ɓace, mai saran itace ya ɓace, ko numfashi babu. Agogo na tafiya, babu komai a ciki. Na ƙara sauti har ƙarshe, na manna wayar a kunne. Na ja gaba, shiru. Na ƙara ja, shiru. Sai can kusa da ƙarshe, kwatsam kajin suka dawo, da muryar Inna a shaƙe, a tsakiyar magana.

"...shi ke nan abin da ag gare ni. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko ubanka bai sani ba har yak koma ga Allah. Yau na sauke. Ka yahe mani."

Ta kira sunana. Cikakkensa, yadda aka raɗa mini. Ta fyace hanci, ta daɗe zaune, sannan ta kira ƙanwata.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune a bakin gado ba. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ga shi na ji shi a wutsiyar zancen da ba ni da kansa ba ni da tsakiyarsa. Abin da ya fara zuwa mini bayan na dawo hayyacina shi ne tsoro. Na ce shi ke nan, ta shayar da shi, ta ɓoye, shi ne take neman gafara. Na biyu kuma fushi, wanda shi ne sana'ata. Na kira ƙanwata na ce me ta danna. Ta rantse ba ta taɓa komai ba, na ce ƙarya ne, ta kashe waya a kunnena, kuma ta yi daidai. Na ɗaga wayar zan buga da bango, sai na tuna sunana na ciki, na ajiye ta a hankali.

A makarantarmu akwai malamar kwamfuta, Kirista ce daga wajen Zuru, wadda na daɗe ina nuna wa ni ma na iya, tana ƙyale ni. Ranar Lahadi ce, tana coci. Na je ƙofar gidanta na tsaya a rana har ta dawo da 'ya'yanta, ta gan ni ta ce, "Malam, lafiya? Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Na miƙa mata wayar na gaya mata abin da ya faru, ban da abin da ke cikin maganar.

Ba ta ko kunna naɗin ba. Ta shiga wani lungu na wayar da ban san da shi ba, inda ake nuna manhajojin da suka yi amfani da makirufo daga jiya zuwa yau, kowace da lokacinta. Ta juyo mini da fuskar wayar. Huɗu da ashirin da biyar, manhajar naɗi. Huɗu da rabi, manhajar tilawa. Biyar daidai, manhajar naɗi kuma.

Ta ce, "Malam, wayar nan masu son ji a cikinta da yawa, amma kunnen ɗaya ne. In biyu suka nema a lokaci guda, waya ce ke raba musu, kuma yawanci wadda ta fito gaba ita ake ba. Ta tilawarka ta buɗe kanta ta hau gaba, aka ba ta. Ta naɗin ba a rufe ta ba, an dai bar ta tana ɗibar shiru."

Na ce to me ya hana ta tsaya, ko ta yi ƙara, ko ta rubuta wani abu?

Ta ce, "Wadda aka yi da kyau takan lura an karɓe mata kunne, ta dakata ta sanar. Wannan ba a koya mata haka ba, sai ta ci gaba da ƙirga lokaci. Da akwai mutum kusa, da ya ga fuskar wayar ta canza." Ta dube ni. "Ba kowa a ɗakin?"

Na ce akwai, amma ba ta karatu.

Ashe da na rufe layi, ƙofa na rufe don kada baƙo ya shigo daga waje, na manta da waɗanda na zaunar a cikin gida da hannuna. Ni na saita huɗu da rabi. Shekara guda kullum abin nan na buɗewa a wannan lokaci, na saba da shi har na daina ganinsa, kuma a duk shirin da na yi a zaure bai faɗo mini a rai ko sau ɗaya ba. Da na miƙa wayar kafin la'asar, ko bayan biyar, da ba abin da zai faru.

Sai wani fata ya taso mini. Na ce to ai ta tilawar ta ji. Rabin awa tana saurare, maganar na wurinta. Malamar ta buɗe ta, muka duba tarihin jiya. An rubuta an saurara minti talatin, ba a gane aya ko ɗaya ba, a sake gwadawa. Ta shiga saituna tana neman inda ake ajiye murya, ta tsaya, ta nuna mini da farce. Akwai wurin da ake tambaya ko a riƙa ajiye karatun mutum, an zaɓi a'a. Na tuna ranar da na zaɓa. Ba na son wani ya ɗauki wayata ya ji malam guda yana tuntuɓe a surorin da yara ke haddacewa. Saboda haka ta saurari uwata rabin awa, ta auna kowace kalma da abin da ta sani, ta ga ba shi ba ne, ta zubar.

Malamar ta ce, "Ba wurin da za a kai ta a ciro shi, Malam. Kada wani mai gyara ya yaudare ka. Abin da ba a ɗauka ba, babu shi." Ta sa aka kawo mini ruwa. Na sha a tsaye, ban ma yi godiya yadda ya kamata ba.

Kwana uku na yi ina yawo da abin a ciki. Ƙanwata ta huce ta kira ni ranar Litinin ta ce Inna na tambaya ko mutumin Kalgo ya saurara. Na ce ina kan saurare. Ta sake kira Talata, ta ce Inna ta sake tambaya, kuma tun ranar Asabar tsohuwar ta canza, tana cin abinci sosai, har waƙa aka ji tana yi wurin tsinkar zogale. Wannan ya fi komai damuna. Ta ɗauka na ji. Da wane baki zan je in ce wa mace mai shekara kusan saba'in, wadda ta tattara ƙarfin halin rayuwarta duka ta yi magana sau ɗaya, cewa da bango ta yi? Har na fara raya wa kaina in bar shi haka. Ta ce in yafe mata, ma'ana ta shayar da shi, sai in ce wa 'yata ta yi haƙuri, Inna ta zauna da sauƙin da ta samu, ni kuma asirina ya rufu.

'Yata ce ta hana ni. Ranar Talatar da yamma ina alwala ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, ta ce, "Baba, in haramun ne ka gaya mini, wallahi zan iya ɗauka. Shirun nan ne ba zan iya ba." Na dube ta, ta rame har wuyanta ya fito. Na ga cewa saura kaɗan in raba ta da mutumin da take so a kan zato, don kawai kada a ce wayar malam ta ba shi kunya. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce mata ban ji amsar ba tukuna, gobe zan koma.

Laraba da hantsi ina tsugune a bakin ƙofar Inna. Ƙanwata na ciki. Bayan gaisuwa na ce wa labule, "A gaya wa Inna abin nan bai ɗauki maganarta ba. Farko ya ɗauka da ƙarshe, tsakiyar duk babu. Ba laifin kowa ba ne, nawa ne."

Ƙanwata ba ta maimaita ba, ba buƙata. Ina jin ƙarar tasbaha, sai ta tsaya. Na zuba wa labulen ido ina jira ya ɗaga kamar ranar Asabar, bai motsa ba.

Da ta yi magana, da ƙanwata ta yi, da muryarta ta kullum.

"A ce ma mutumin Kalgo ban ba yaron ga nono ba. Madarar akuya munka ba shi da cokali, nonona ko auta bai isa ba. Su yi aurensu."

Shi ke nan. Amsar da muka yi kusan wata muna nema, wadda ta hana 'yata barci, ba ta kai numfashi biyu ba. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Amma kafin in gama hamdala wani ya hau wanda ya fi shi nauyi. In ba ta shayar da shi ba, to gafarar me take nema? In amsar ke nan, me ta yi rabin awa tana gaya mini har da kuka? A nan tsugune na gane abin da ya sa ta ƙi ba ƙanwata amsa tun farko, da abin da ya sa ita da kanta ta ce a kawo waya. Maganar aure ƙofa ce kawai ta samu. Ni take son yi wa magana.

Ƙanwata ma ta gane, don ta ce, "Inna, sauran zancen fa? Ga wayar nan ya zo da ita, ya ce ya gyara, yanzu ba abin da za shi katse ta."

Inna ta ce, "Wane saura? Na hwaɗa."

"Bai ji ba, Inna."

"Ni dai na hwaɗa."

Na san muryar nan. Ko mahaifinmu bai taɓa tsallake ta ba. Daga ƙarshe na ce, "A gaya wa Inna na ji inda ta ce in yafe mata. Na yafe, duniya da lahira."

Tasbahar ta ci gaba da tafiya.

"A ce mashi bai san mi yay yahe ba," in ji ta. Can kuma ta ce, "A dama mashi hura, rana ta yi."

Na sha furar a zaure. An ɗaura auren bayan an cire amfanin gona. Inna ta rayu shekara biyu bayan wannan, har ta ɗauki ɗan jikarta a cinya, kuma har ta koma ga Allah ni mutumin Kalgo ne.